Gashin Vernetta

Ni, Cleophus Tillery, na miƙar da gashin Vernetta da matajin ƙarfe ran Laraba, kwana biyu da rasuwarta. Na kuma datse shi da almakashi. Ba wanda ya riƙe mini hannu.

Vernetta 'yar yayata Ozella ce. Shekararta hamsin da takwas. Ta faɗi a kicin ɗinta ran Litinin da safe, kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa. Da la'asar aka kawo ta gidan jana'izar da nake aiki.

Shekara sittin da ɗaya ke nan ina gidan. Na shigo ina ɗan sha huɗu, ina wanke motoci. A aji biyar na bar makaranta, don haka ba ni da takardar sa wa gawa maganin hana ruɓewa. Wannan aikin Reginald ne, jikan mutumin da ya kafa gidan. Idan ya gama nasa sai a miƙo mini. Ni ke sa sutura, ni ke gyara fuska, ni ke yin gashi, ni ke kwantarwa a akwati don jama'a su zo su gani. Ba a taɓa karɓe gawa daga hannuna an ba wani ya ƙarasa ba. Garin nan kowa ya san haka.

Ƙa'idar aikin ɗaya ce. Iyali su kawo kaya, su kawo hoto. Abin da ke cikin hoton shi za ka fitar.

Ran Talata da safe Danita ta kira ni. Ita kaɗai Vernetta ta haifa. Malamar asibiti ce a Seattle, kuma sai Alhamis za ta iso.

"Kawu Cleo, tana hannunka?"

"Hannun wa kike so ta kasance?"

"Tsoho, hannun nan dai bai fara rawa ba ko?"

"Zo in gwada shi a kuncinki ki ji."

Ta yi 'yar dariya, dariyar ta koma kuka. Na jira ta gama.

Ta ce, "Ka san yadda take barin gashinta."

Na ce, "Na sani."

"To shi ke nan. Hankalina ya kwanta."

Na sani ɗin. Shekara goma sha huɗu ina zama a bayansa a coci, yana tare mini fasto.

Vernetta ta yi shekara goma sha tara a wani banki a garin nan, a gaba, inda ake karɓar jama'a. Duk tsawon lokacin man miƙar da gashi take shafawa, har ya cinye mata fatar kai, gaban goshinta ya fara zubewa. Likita ya ce ta daina. Ta aske tas, ta bar sabo ya fito yadda Allah ya yi shi. Da ya taru ya yi tsaye, manaja ya kira ta ya ce masu zuwa bankin ba su saba ganin haka ba. Ko ta gyara, ko ta koma ɗakin baya inda ake jera takardu. Ta ƙi duka biyun. Suka sallame ta.

Lahadin makon muna cin shinkafa da jan wake a gidan Ozella, Vernetta ta ba mu labari. Ni ta kalla, don ni ne namijin gidan tun mutuwar mahaifinta.

Na ce, "Gashi ne fa. Je ki miƙar da shi ki koma aikinki."

"Kawu, ka ji abin da likita ya ce kuwa?"

"Ki sa na kanti."

"In sa gashin wata don nawa ya zama abin kunya?"

"Uwarmu kowace Asabar sai ta miƙar wa Ozella. Ba don ba ta son abin da Allah ya yi ba. Don kada wani farar fata ya samu abin faɗa."

Ta ce, "To ya hana su faɗa?"

Na ce a miƙo mini burodin masara.

Daga baya ta haɗu da wasu mata irinta, suka yi ta zirga-zirga zuwa Baton Rouge, babban birnin jiharmu. Ta tsaya gaban 'yan majalisa ta faɗi abin da aka yi mata. Aka yi doka. Yanzu a jihar nan ba a korar mutum daga aiki, ko yaro daga makaranta, saboda gashinsa na haihuwa ko kitsonsa. Mutane suka riƙa tsayar da ni a hanya suna yi mini murna. Nakan ce na gode. Ita ban taɓa ce mata komai a kai ba.

Ozella ta zo da azahar ran Talatar nan, tana dogara sanda, da jakar kaya. Shekararta tamanin da shida. Ta fito da shuɗiyar riga, da 'yan kunne, da safa. Sannan ta zaro hoto daga cikin Littafi Mai Tsarki ta ajiye mini a tebur.

Hoton gama sakandare ne. Vernetta tana 'yar sha takwas, gashi a miƙe, ya tsaya daidai haɓa, bakinsa a lanƙwashe ciki.

Na ce, "Yaya, wannan hoton ya shekara arba'in."

"Ni ma na iya lissafi, sarkin ilimi."

"Ba ki da na kwanan nan?"

"Ina da su cike da gida. Kowanne kamar wadda ta kama wayar lantarki." Ta zauna. "Shekara goma sha huɗu na yi shiru, Cleo. Da ranta, kanta ne, na bar ta. Yanzu gaban Ubangiji za ta. 'Yata ba za ta shiga da wannan dajin ba."

"Ubangijin ne ai ya shuka shi."

"Shi ya shuka maka gemu, me ya sa kake askewa kullum? Kada ka yi mini wa'azi, ni na yi maka wanka."

"Danita fa?"

"Danita ce ta yi naƙudarta?"

A nan ya kamata in ɗauki waya. Danita ce magajiya, ita ke da ta cewa, kuma wannan na san shi tun kafin a haifi Reginald. Wayar tana aljihun kwat ɗina. Na ɗauki hoton na jingina shi a jikin madubi.

Washegari da safe Reginald ya gama nasa, ya tafi ɗauko wata gawa a asibiti. Na rufe ƙofa.

Gashin ya cika matashin. Baƙi ne da furfura, a murɗe, ga laushi. Ban taɓa sa hannu a cikinsa ba sai ranar. Na tsaga shi gida huɗu. Na ɗora matajin a ɗan murhun lantarki, na gwada shi a farin tawul har ya daina barin shaida. Na shafa mai, na kama ɗan tsagi daga ƙeya, na ja. Ya yi ƙara, hayaƙi ya tashi, ya kwanta.

Yaran yanzu da abin lantarki suke yi. Ni a wurin uwarmu na koya, kuma har yau ba wanda ya kama ƙafata. Mai rai idan mataji ya zo kusa da kunne sai ta noƙe, sai ka ce mata ta riƙe kunnen. Gawa ba ta noƙewa. Duk da haka na danne mata kunnen da yatsa, kamar yadda na saba.

Awa biyu na yi. Da ya miƙe sai ya wuce kafaɗa, ya kai tsakiyar ƙirji. Na hoton kuwa a haɓa yake. Na ɗauki almakashi na rage kamar tsawon tafin hannu, na lanƙwasa bakin ciki. Na share abin da ya zuba na juye a kwandon shara.

Na ja baya na duba. Aiki ya yi kyau. Ta fito kamar matar da ba a taɓa kora daga ko'ina ba.

Na ce mata, "Kin gani?"

Da baki na faɗa, ba a zuci ba. Shi ne karo na farko da na yi mata maganar gashin nan ba ta mayar mini ba. Kuma na ji daɗi. Wannan ban faɗa wa kowa ba sai yanzu da nake rubutawa.

Danita ta iso Alhamis da ƙarfe uku. Ta biya ta ɗauko kakarta. Ina tsaye a bakin ƙofa da baƙar kwat, kamar yadda nake tarbar kowane iyali. Ta rungume ni. Kitso ne a kanta, ƙanana, har baya.

"Kai ba ka tsufa ne? Ko maganin Reginald kake ɗan kurɓa?"

"Ke ce kika rame. Ba abinci a Seattle ɗin?"

"Sai ganye da ruwan sama." Ta share ido. "Gobe da biyar za a buɗe wa jama'a ko? Matan Baton Rouge sun ce bas guda za su cika."

"Da biyar."

"To kai ni in gan ta."

Na buɗe ƙofar ɗakin. Ozella ta fara shiga, ta tsaya a gefen akwatin, ta dafa ƙirji.

"Kai, Yesu na gode. Ga 'yata. Ga jaririyata ta dawo."

Danita ta tsaya taku uku daga akwatin. Ta daɗe. Sannan ta matsa, ta sa yatsu biyu ta shafa gashin daga sama har ƙasa. Ta kai yatsun hancinta. Ƙaurin mataji ba ya fita da wuri.

Ta ɗaga bakin gashin ta duba.

"An yanke."

Ta juyo ta dube ni.

"Kawu Cleo, an yanke."

Na ce, "Hoton da aka kawo mini na bi."

Haka na ce. Shekarata saba'in da biyar, na ɓuya a bayan tsohuwa mai sanda.

"Wane hoto?"

Ozella ta ce, "Ni na kawo. In kina da magana ki yi da ni, yarinya."

"Kaka, zauna."

"Ba zan zauna ba. Dube ta! Ki ce ba ta yi kyau ba!"

"Ta yi kyau, Kaka. Da manajan nan yana nan da ya mayar da ita aiki yau." Ba ta ɗaga murya ba. Ta juyo gare ni. "Ina wanda aka yanke?"

"An share."

"Ina sharar?"

"Motar shara ta zo da safe."

Ta gyaɗa kai. Ta sake kallon uwarta.

"Ran Talata na kira ka. Me ka ce mini?"

"Na ce na sani."

"Ka ce ka sani."

Ozella ta fara kuka, tana cewa ita ta haife ta, ita ta san yadda take kafin duniya ta juya mata kai. Danita ta kama hannunta ta zaunar da ita, ta miƙa mata hankici. Ba ta yi wa tsohuwar faɗa ba ko kalma ɗaya. Da ta yi mata, da na samu inda zan shiga in raba.

Na ce, "Ba man kanti na sa ba. Mataji ne. Ruwa zai mayar da shi."

"Da tsawon?"

"Tsawon ba zai dawo ba."

"Ina Reginald?"

"Zan iya yi yanzu. Awa ɗaya."

"Ina Reginald, Kawu?"

Suka shiga ofis su biyu suka rufe ƙofa. Ni na mayar da Ozella gida. A mota ta yi ta kallon taga.

"Ta yi kyau dai, Cleo. Ko ba ta yi ba?"

"Ta yi."

"Ka ce mata ni na tilasta ka."

"Ba ke kika riƙe matajin ba."

"To shi ke nan, tsaya nan da taurin kanka. Kai da ita Vernettan duk jirgi ɗaya ya kwaso ku."

Da na dawo Reginald yana jirana a baranda. Ni na riƙe shi ranar da aka yi masa baftisma. Yanzu ga shi da tumbi da tabarau, yana murza makulli a hannu, ya kasa kallona.

"Mista Cleo, gobe da takwas za ta zo. Ita za ta wanke da kanta. Ni zan taya ta."

"Kai? Yaushe ka taɓa wanke kai bayan an gama fuska?"

"Ban taɓa ba."

"Ruwa zai shiga hodar. Zai jiƙa ɗinkin da ka yi mata a wuya. Rigar ma sai an cire."

"Na sani."

"To?"

"Ita ce 'yarta, Mista Cleo." Ya sa makullin a aljihu. "In kana so ka huta gobe, ba wanda zai ce komai."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Da kakansa ne, marina zai yi.

Ban huta ba. Ƙarfe bakwai ina wurin. Na fitar da ita daga akwatin tare da Reginald, muka mayar da ita kan tebur. Na cire rigar na rataye. Na naɗe wuyan da leda da tawul biyu. Na rufe fuskar da auduga mai laushi. Na kawo kwano mai bakin wuya, na dafa ruwa na surka shi daidai, ko da yake ita ba za ta ji sanyi ko zafi ba. Gashin ban taɓa ba. Na fito na tsaya a bakin ƙofar ɗakin.

Ta zo takwas saura biyar, da wandon aiki da jakar leda. Ta biya gidan uwarta ta kwaso kayan: mataji mai manyan haƙora, kwalbar fesa ruwa, gwangwanin man kaɗanya wanda aka ci rabinsa. Idonta ya kumbura.

"Ina kwana, Kawu."

"Lafiya. Kin samu barci?"

"A'a."

Na ce, "Ki saurara. Kan ya fi yadda kike zato nauyi, kuma wuyan ba ya lanƙwasa. Kada a ɗaga shi sama da yatsa uku. Ruwan daga goshi zuwa baya, kaɗan-kaɗan. Kada ki murza da ƙarfi, fatar ba ta riƙe gashi kamar da."

Ta saurara har na gama. Ta tambaye ni ko za a iya busarwa da injin iska. Na ce da mai sanyi, daga nesa. Ta tambaya ko man zai ɓata matashin akwatin. Na ce a shimfiɗa ƙyalle a ƙasa, a zare kafin a buɗe wa jama'a.

"Na gode," in ji ta. Ta kama hannun ƙofa.

Ban taɓa roƙon kowa komai ba. Ko ranar da matata ta kwashe kayanta ban roƙe ta ba. Na cire hulata.

"Danita."

Ta tsaya.

"Ba hoton ba ne. Ni na so."

"Na sani, Kawu. Tun jiya na sani."

"Bari in gyara abin da na ɓata."

"Zan gyara."

"Ba ki taɓa yi ba."

"Na wanke kan mutanen da ba sa iya motsi, ba adadi."

"Wannan daban ne. Uwarki ce. Hannunki zai yi rawa."

"To ya yi."

Reginald ya leƙo daga ciki, da safar hannu, ya ga fuskokinmu, ya koma.

Na ce, "Ba zan taɓa gashin ba. Na rantse miki. Kan kawai zan tallafa, ke ki yi komai. Yaron nan bai iya riƙewa ba, zai sake ta a kan ƙarfe."

Ta dube ni. Ba fushi a fuskarta. Ta dubi hulata da nake murzawa, ta dubi hannuwana.

"A'a, Kawu," ta ce. "Ba za ka ƙara sa mata hannu ba."